Kuɗin korona da hanyar da suka bi kafin su iso ga talaka

Malam Edita, assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara maku basira kai da duk ma'aikatan wannan jarida tamu.

Na jima ina son rubuto maka wannan wasiƙar sai inta ɗagawa, abinda ya tunzura ni yanzu wata gardama ce da mukayi da wani abokina, ya dage kai da fata cewa duk kuɗin da gwamnatoci suka kashe lokacin korona asara ce tsagwaronta, wai an ciwo bashi an watsar, ɓarayi sun kwashe rabi, mu kuma gashi har yau muna biya da tsadar rayuwa. Wallahi maganar ta tsaya min a rai, don akwai gaskiya a cikinta bazan ce babu ba, amma ina jin tsoron idan wannan fahimtar ta zauna a kawunan mutane to ranar da wata annobar ta sake zuwa, Allah ya kiyaye, za'a ce kar gwamnati ta kashe ko sisi, kowa tasa ta fisshe shi.

Mu fara tuna yadda abin ya kasance tukuna, don ɗan Adam akwai saurin mantuwa. Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, cikin 'yan makonni ƙasashe suka shiga kafa dokar kulle, aka rufe kasuwanni da makarantu da filayen jirgi, akace kowa ya zauna a gida. To zama a gida ai ba kowa ke da halinsa ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta daɗe tana cewa kusan mutum biliyan 2 ne ke neman abinci a ayyukan da basu da rajista, babu albashin wata babu fansho, sai sun fita yau zasu ci yau. Irin wannan mutumin in kace masa ya zauna a gida sati huɗu baka bashi komai ba, ai umarnin da bazai yiwu ba ka bashi, zai fita, kuma bai yi laifi ba. An ga haka a Indiya, Firaminista Modi ya sanar da kulle ranar 24 ga Maris 2020 da tazarar awa huɗu kacal, leburori 'yan ci-rani suka rasa aiki suka rasa mota, suka kama hanyar garuruwansu a ƙafa da yara a kafaɗa, wasu a hanya suka mutu. Shiyasa nake ce wa abokina tallafin nan wani ɓangare ne na maganin cutar kanta, in babu shi dokar kullen bata aiki, cutar kuma ta ci gaba da yawo.

Yanzu ga inda nake so a tsaya a duba da kyau. Ƙasashen da tallafinsu ya isa hannun mutane da wuri, kusan dukkansu suna da hanyar da suka riga suka shimfiɗa tun kafin annobar. Amurka ta amince da dokar kashe kusan dala tiriliyan 2.2 a ƙarshen Maris 2020, aka riƙa tura wa manya dala 1,200 kowanne, kuma abinda ya sa kuɗin suka shiga asusun mutane da yawa cikin makonni shine hukumar harajinsu na da sunayensu da lambar asusunsu tun da can. Birtaniya kuma gwamnati ce ta ɗauki nauyin biyan kashi 80 cikin ɗari na albashin ma'aikacin da aka zaunar a gida, har zuwa fam 2,500 a wata, don kar kamfani ya sallame shi, shirin ya taɓa ayyuka miliyan 11.7 ya ci kusan fam biliyan 70 kafin a rufe shi a Satumba 2021, shima ta tsarin biyan albashi da haraji da ake dashi aka bi. Jamus ma bata ƙirƙiro komai sabo ba, tana da wani tsari da suke kira Kurzarbeit da daɗewa, kamfani ya rage wa ma'aikaci awannin aiki gwamnati ta cike masa wani kaso na abinda ya rasa, sun yi amfani dashi a rikicin tattalin arziki na 2008 da 2009, da korona tazo sai kawai suka faɗaɗa shi, a watan Afrilu 2020 kusan mutum miliyan 6 ne ke cikinsa.

Nasan za'a ce ai waɗannan masu kuɗi ne. Toh a duba Burazil. Tun 2003 suke da shirin Bolsa Familia na tallafawa iyalai marasa ƙarfi, da wata babbar rajista ta talakawa da ake sabuntawa, da annoba tazo akan wannan rajistar suka ɗora tallafin gaggawa na riyal 600 na kuɗin Burazil a wata, suka buɗe ƙofa ga masu sana'ar hannu su nema ta waya, ya kai ga mutum kusan miliyan 68, har talauci ya ragu a ƙasar a shekarar 2020, shekarar da a mafi yawan ƙasashen duniya ƙaruwa yake. Wanda yafi burge ni ma Togo ce, ƙaramar ƙasa ce bata da wani arziki na a zo a gani, amma a Afrilu 2020 ta fito da shirin Novissi, mutum ya danna lambobi a ƙaramar wayarsa ba sai da intanet ba, a tantance shi da katin zaɓensa da yake sun yi zaɓe a watan Fabrairun shekarar rajistar sabuwa ce, kuɗi su shigo masa a waya, kuma da gangan suka sa kason mata yafi na maza don sun san inda kuɗin mace ke tafiya a cikin gida. Babu layi, babu turereniya, babu wani mai unguwar siyasa da zai ce sai ka biyo ta hannunsa. Indiya ma duk da kuskuren da tayi na kulle ba shiri, da yake tana da shagunan rabon hatsi na gwamnati tun shekaru aru-aru, ta iya ƙara wa mutum kusan miliyan 800 kilo biyar na hatsi kyauta duk wata, sai dai matsalar da aka samu katin rabon da yawansu a jiharsu ta asali yake aiki, su kuma suna can wata jihar suna leburanci, kaga ko nan ma tsarin da aka gina tun farko ne ya yanke wanda zai samu da wanda zai rasa.

Inda babu irin wannan rajistar kuwa, gwamnati bata san waye talakanta ba bata san inda yake ba, sai ta koma sayen kaya a tirela-tirela a jibge a rumbu a jira rabo, daga nan kuma sai abinda hali yayi. Kowa ya ga hotunan Oktoba 2020 a Najeriya, lokacin da jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafin korona a jihohi da dama suka tarar da kaya maƙil watanni bayan an sassauta kulle. Jami'ai sun ba da uzurinsu, wasu sunce ana shirin rabawa ne wasu sunce an ajiye ne saboda zagaye na biyu na cutar, ni dai ko da an yarda da uzurin abin da ciwo, don lokacin da mutane suka fi bukatar kayan ya riga ya wuce, yunwar watan Afrilu ba'a maganinta a watan Oktoba. Hausawa sunce ba'a fafe gora ranar tafiya, kuma abinda ƙasashe da yawa sukayi kenan, ranar da annoba ta shigo ranar suka fara tambayar ina sunayen mabukata.

Maganar sata kuwa abokina bai yi ƙarya ba, anyi ta, kuma anyi ta ba tsoron Allah. A Kenya hukumar sayo magunguna ta gwamnati ta shiga badaƙalar kwangilolin kayan kariya a 2020, a Afirka ta Kudu ministan lafiya Zweli Mkhize sai da ya ajiye muƙaminsa a Agusta 2021 saboda wata kwangilar wayar da kai da aka bai wa kamfanin da ke da alaƙa da makusantansa. Amma dan Allah kar mu ɗauka abin na baƙar fata ne kawai kamar yadda wasu ke son nunawa. Ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya gano cewa an tura kusan dala biliyan 1.4 ga matattu, sama da mutum miliyan ɗaya, sannan a 2023 sufeto janar na hukumar ƙananan sana'o'insu yace sama da dala biliyan 200 na rancen tallafin 'yan kasuwa akwai alamar ta hanyar damfara aka karɓe su. A Birtaniya ma'aikatar lafiya ta sayi kayan kariya na kusan fam biliyan 12 a shekarar farko, daga baya ta rubuta asarar fam biliyan 8.7 a kansu, wani saboda an saya da tsada farashi ya faɗi wani kuma kayan basu da inganci ko sun lalace a ajiye. Abinda ya kamata mu lura dashi anan, duk waɗannan alƙaluman mun san su ne saboda masu binciken kuɗi na ƙasashen sun bi diddigi sun wallafa kowa ya gani, an kai wasu kotu, an ƙwato wani abu. Ƙasar da baka ji alƙaluman ɓarnarta ba bawai ba'a yi ɓarnar bane, ba'a ƙirga bane kawai, kuma wannan yafi tayar min da hankali akan satar kanta. Idan ana cikin gaggawa dole a sassauta wasu ƙa'idojin kwangila, na yarda, rai yafi takarda, amma me zai hana a saka sunan kamfani da kuɗin da aka biya shi da abinda ya kawo a intanet cikin sati ɗaya? Wannan baya cin ko kwabo kuma baya jinkirta komai.

Bari in zo kan asibiti, don nan ne abin ya taɓa ni har cikin gida. Yayata nas ce, ta yi aiki a ɗakin masu korona a wani asibitin gwamnati, watanni tana kwana a ɗaki daban bata bari 'ya'yanta su rungume ta in ta dawo sai tayi wanka ta sauya kaya, takunkumin fuska ɗaya take maimaitawa kwana da kwanaki, alawus ɗin haɗarin da akayi masu alƙawari kuwa sai da aka sha jira kafin wani abu ya fito. Abinda har yau in ta tuna sai tayi shiru shine oksijin. Tace akwai daren da silinda ta ƙare suna kallon mutum yana kokawa da numfashi, 'yan uwansa sun bazama neman silinda cikin dare, su kuma ba abinda zasu iya sai juya shi rub da ciki da addu'a. Kuma ba asibitinsu kaɗai ba, a birnin Manaus na Burazil ɗin da na yaba ɗazu oksijin ya ƙare a asibitoci a Janairu 2021 mutane suka mutu a kan gado, Indiya ma haka a Afrilu da Mayun shekarar. Oksijin fa ba wani sabon magani bane da sai an jira masana sun gano, yaro mai ciwon nimoniya na bukatarsa, mai haihuwa da ta zubar da jini na bukatarsa, wanda yayi haɗarin mota na bukatarsa, kullum ake bukatarsa tun kafin korona, rashinsa ya daɗe yana kashe mutane shiru-shiru annobar ce kawai ta tona asirin. Injin samar da shi kuma ba'a kafa shi a kwana biyu, yana son wutar lantarki tsayayya da mai gyara da kayan gyara, ko ka zo da buhun kuɗi ranar da cuta ta ɓarke bazai sayo maka shekarun da aka yi ana sakaci ba. Haka ma'aikacin lafiya, shekaru ake ana horar da nas ko likita, ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 80,000 zuwa 180,000 daga cikinsu sun rasu da korona daga Janairu 2020 zuwa Mayu 2021, Allah ya jiƙansu, da yawan waɗanda suka rage kuma sun gaji sun bar aikin ko sun tafi ƙasashen da ake biyansu da kyau.

Akwai misali mai kyau da ke nuna amfanin shiri. A Yulin 2014 Ebola ta shigo Legas, birni mai cunkoson miliyoyin mutane, duniya ta tsorata, amma cutar ta tsaya akan mutum 20, takwas suka rasu ciki harda Dakta Stella Adadevoh da ta hana mara lafiyar farko fita daga asibiti, zuwa Oktoba aka ce ƙasar ta rabu da ita. Babban abinda ya taimaka shine ma'aikata da dabarun shirin yaƙi da shan inna da aka daɗe ana kashe wa kuɗi, mutanen da suka saba bin gida-gida suna neman yaro ɗaya, sune aka juya suka koma bin waɗanda sukayi hulɗa da masu Ebola. Kuɗin da aka kashe saboda wata cuta daban suka zo suka tare wata. Tun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya, sama da shekara ashirin kenan, ƙasashen da suka taɓa cika alƙawarin nan basu da yawa.

Wani abin da ba'a cika maganarsa ba, lokacin da aka tattara hankali da kuɗi akan korona sauran ayyukan sun kwanta. Yara miliyan 25 ne basu samu cikakkiyar allurar riga-kafin da aka saba yi wa jarirai ba a 2021, mace-macen tarin fuka sun ƙaru a 2020 karon farko cikin sama da shekara goma, na zazzaɓin cizon sauro ma sun haura zuwa 627,000 a shekarar. Shiyasa da aka lissafa duka, waɗanda cutar ta kashe kai tsaye da waɗanda rushewar asibitoci ta kashe, Hukumar Lafiya tace kusan mutum miliyan 14.9 ne suka ƙaru akan mace-macen da aka saba gani a 2020 da 2021. Makarantu kuwa ɗalibai kusan biliyan 1.6 aka zaunar a gida a lokaci guda, Yuganda sai Janairu 2022 ta buɗe nata bayan kusan shekara biyu, akace ayi karatu ta intanet, ɗan da gidansu ba wuta ba waya mai kyau ba kuɗin data da me zai yi? Yara mata nawa ne basu koma aji ba har yau, wannan asarar ba'a ganinta a kasafin kuɗi amma zata biyo mu shekaru.

Sai maganar bashi da tsada, wadda itace abokina yafi kafewa akai. Eh, zuba kuɗi masu yawa a hannun mutane lokacin da masana'antu ke rufe jiragen ruwa ke maƙale a tashoshi ya taimaka wajen tashin farashi, masana da yawa sun yarda da haka musamman game da Amurka da ta ƙara wata dala tiriliyan 1.9 a Maris 2021, hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 a can a Yunin 2022. Amma yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya taka tasa rawar a farashin mai da alkama da taki, kuma ƙasashen da basu raba wa mutanensu wani abin kirki ba suma tsadar bata ƙyale su ba, sun sha wahalar kulle ba tallafi sun kuma sha wahalar tsada daga baya. Rashin adalcin da ke ciki shine ƙasa mai arziki tana ciwo bashi da kuɗin ruwa kusan sifiri a lokacin, matalauciyar ƙasa kuma da tsada. Da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya raba kuɗin ajiya na musamman na dala biliyan 650 a Agusta 2021, da yake gwargwadon hannun jarin kowace ƙasa ake rabawa, Afirka gaba ɗayanta kusan biliyan 33 ta samu, Amurka ita kaɗai sama da biliyan 110. Shirin ƙasashen G20 masu ƙarfin tattalin arziki na ɗaga wa matalautan ƙasashe ƙafa ya jinkirta biyan dala biliyan 12.9 ne kawai, kuma jinkiri ne ba yafiya ba. Zambiya ta kasa biyan bashinta a Nuwamba 2020, Siri Lanka da Gana suka biyo baya a 2022, zuwa 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya na cewa mutum biliyan 3.3 na zaune a ƙasashen da kuɗin ruwan bashi yafi abinda suke kashewa a ilimi ko lafiya. To in an tashi tsuke bakin aljihu don biyan bashin nan ina ake fara yankewa, ai asibiti da makaranta da tallafin marasa ƙarfi, wato daidai wuraren da rauninsu ya kashe mutane a 2020.

Kuma an ga abinda ke faruwa idan aka janye tallafin. A Amurka da aka faɗaɗa kuɗin tallafin yara a 2021 talaucin yara ya sauka zuwa kashi 5.2, mafi ƙanƙanta da suka taɓa gani, da aka bari shirin ya ƙare sai ya koma kashi 12.4 a 2022, cikin shekara ɗaya. Afirka ta Kudu ita kuma ta fara ba marasa aiki rand 350 a wata a Mayun 2020 da niyyar wata shida, sai gashi an yi ta sabunta shi shekara bayan shekara don an gano miliyoyin mutane dashi suke rayuwa ko ba annoba.

Malam Edita, roƙona gare ku kenan. Tun 5 ga Mayu 2023 aka ce korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya, hankalin kowa ya koma wani wajen, to yanzu ne lokacin da ya dace ku tura wakilanku su je su gani da idonsu. Injinan oksijin da aka ce an kafa da kuɗin korona, nawa ne ke aiki yau nawa ne suka mutu saboda rashin mai gyara? Ɗakunan gwaje-gwajen da aka buɗe, akwai ma'aikata da sinadarai a cikinsu ko an garƙame? Rajistar mabukata yaushe rabon da a sabunta ta, kuma mutumin da ba'a saka sunansa ba ina zai je ya kai kuka? Rahoton mai binciken kuɗi akan kuɗaɗen annobar ya fito, in ya fito wa aka hukunta? Ku tambayi ma'aikatan lafiya irin yayata ko an biya su haƙƙinsu har ƙarshe, da iyalan waɗanda suka rasu a bakin aiki ko wani ya waiwaye su. Ku buga amsoshin da Hausa yadda kowa zai karanta, wanda yaƙi amsawa kuma ku rubuta cewa an tambaye shi yaƙi.

Nagode da bani fili, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Mai bibiyar jaridarku a kullum